Muryar da Ta Fito Daga Bakin Saratu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashi kafaɗun Saratu bayan mun fara cire rai. Na zauna na rubuta wannan ne saboda masu jinya irina, da kuma 'yan sandan da ke zama a bayan kantar caji ofis suna karɓar ƙara. Ciwon nan daga hannun ɗaya daga cikinsu ya samu hanya, kuma wata daga cikinsu ce ta tare shi.

Shekaruna saba'in da ɗaya. A nan Minna aka haife ni, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifina. Na shafe fiye da rabin rayuwata ina fataucin atamfa da leshi tsakanin Kwatano, Lome, Kumasi, Njamena da Jidda. Ina jin Nufanci da Yarabanci da Faransancin kasuwa, ina kuma jin Gbagyi, wanda muka taso muna kira Gwaranci, don matan da suka goya ni a bayan tasha da shi suke hira. Saratu matar babban ɗana ce, malamar firamare, shekara huɗu da aurensu, ba su samu haihuwa ba tukuna. Gidansu yana unguwar Shango.

Na dawo daga Kwatano a tsakiyar zafin nan da ke zuwa kafin ruwan farko. Washegari da hantsi na ɗauki tsarabarta na hau keke napep zuwa Shango. Na tarar da kwaɗo a ƙofar gidan ta waje. Har na juya, sai maƙwabciyarsu ta leƙo ta ce, "Mama, tana ciki fa." Ta faɗa a hankali, ta koma ta rufe ƙofarta.

Na kira yaron, mijin nata, a waya. Ya zo daga shagonsa yana fara'a, ya ce ɓarayi ne suka dami unguwar, shi ya sa. Cikin gidan duhu da rana tsaka, an saki labule ko'ina. Saratu na zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, sanye da dogon hijabi cikin wannan zafin. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma tashi ya ɗauke ta lokaci. Muryarta ta dishe kamar ta wadda ta yini tana talla. A farin idonta na dama akwai ja, jajir, kamar an ɗiga jini a nono.

"Kaina ne, Mama," in ji ta.

"Taifot ce," in ji shi.

Da na shiga ɗakinta in ajiye tsarabar, na ga sakata a jikin ƙofar ta waje. Sabuwa ce, ƙusoshin ko tsatsa ba su yi ba. Na kwana a ɗakunan haya a ƙasashe biyar, na kwana a masaukin fatake inda ƙofa ba ta wuce langa-langa ba, ko'ina sakata daga ciki take. Na gani, na wuce. Wannan shi ne kuskurena na farko.

A makon nan muka kai ta wani ƙaramin asibiti ta wajen Sauka Kahuta. Mun bi layi tun safe har azahar. Aka ɗebi jini, aka ce zazzaɓin sauro ne da taifot, aka sa mata ƙarin ruwa leda biyu. Duk tambayar da likitan ya yi, mijin yake kallo, mijin kuma ke amsawa. Na tuna wata shekara da na raka wata abokiyar fatauci asibiti a Jidda, nas ta fitar da mijin waje ta rufe ƙofa kafin ta tambaye ta komai. A lokacin har haushi na ji, na ce rashin ladabi ne.

Mako na biyu amai ya fara. Ba tashin zuciya, ba komai, tana zaune sai kawai ya taho. Barci ya yi mata yawa, kuma barci ne da ido a rabin buɗe, sai ki rantse kallonki take. Na ce a mayar da ita gidana in yi jinyarta, yaron ya ce a ɗakinta za ta yi jinya. Don haka kullum da safe nake zuwa, in koma kafin magariba. Na tambayi wayarta saboda abokan aikinta suna ta nemana, ya ce likita ya ce ta huta da waya. Ina wurin, likita bai faɗi haka ba.

Wata rana na miƙa mata kofin kunu, ta karɓa da hannu biyu, na hagun ya sake. Ba kunun da ya zube ta kalla ba, hannun ta kalla, ta daɗe tana kallonsa kamar wani ne ya manta shi a cinyarta. Ranar kuma da la'asar sakaliya ta ɗago ta ce mini, "Mama, ina kwana."

Dangi suka fara zuwa da shawara. Wannan ta ce tazargade, waccan ta ce man habbatus sauda a hanci, wata ta kawo turaren hayaƙi har gidan ya koma kamar gidan gashin kifi. Ƙanena Alhaji Sule, wanda shi ne uba a gidanmu tun rasuwar maigidana, ya ce shi bai ga ciwon asibiti a nan ba.

"Yaya, malaman makarantar nan kin san su da hassada. Ko an yi mata ture, ko ta taka wani abu a hanya. A kira malam."

Ranar Alhamis ta mako na uku, bayan azahar, malamin ya zo. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa komai ba. Aka kwantar da ita a tabarma a falo, ni ina wajen kanta, Sule da wasu mata biyu na gefe, yaron yana tsaye a bakin ƙofa. Babu wuta, fanka a tsaye, ba ka jin komai sai karatun malam da kukan wata kurciya a kan katanga. Ya yi nisa da karatu sai bakinta ya fara motsi.

Muryar da ta fito ba ta Saratu ba ce. Siririya ce, ta yarinya 'yar shekara biyar, tana fitowa ta cikin dishewar nan kamar ana magana daga ƙasan rijiya. Kuma ba Hausa ba ce. Matan nan biyu suka ja da baya har bango. Malam ya ɗaga murya ya ce, "Wane ne kai? Me ta yi maka?" Sule ya matso kusa da kunnena ya ce, "Na gaya miki. Na kan duwatsun nan ne, ji yarensa."

Ni kuwa ban ja da baya ba. Ina jin kowace kalma.

A wani ƙauye kusa da Kuta aka haifi Saratu. Uwarta ta rasu tana jaririya, kakarta ta raine ta har ta kai shekara shida, da tsohuwar ta rasu wani kawunta ya kawo ta Minna ta tashi cikin Hausawa. Ita da bakinta ta ce mini yaren ya gudu daga kanta. Idan muka je sayen doya wurin matan Gbagyi, ni nake yi mata ciniki tana dariya. Ga shi yau tana kwance tana kiran kakarta da yaren da ta manta.

Abin da take cewa shi ne: Kaka, na kai takardar. Su suka ce in kai masa da kaina. A tsaye ya karanta. Kaka, bangon nan da sanyi. Kaka, ki cire hannunsa daga wuyana, zan yi shiru.

Tana gamawa sai ta koma farko, da kalmomin nan dai, ba ragi ba ƙari.

Malam ya juyo ya ce, "Hajiya, an ce kina jin yarukan nan. Me yake cewa?"

Na ɗaga kai. Yaron yana kallona daga bakin ƙofa, fuskarsa a sake, irin kallon da yake yi mini yana ƙarami idan yana jira ya ga ko na gane wanda ya sha madarar.

Na ce, "Ruwa yake nema."

Aka kawo ruwa.

Da malam zai tafi ya ce in taka masa. A zaure ya rage murya ya ce, "Hajiya, na yi wa mutane da yawa karatu. Wannan ku kai ta babban asibiti. Ki dubi ƙwayar idonta da kyau." Na koma na ɗaga labule na duba. Baƙin tsakiyar idon dama ya buɗe ya yi faɗi, na hagu yana nan ƙarami. Ido biyu a fuska ɗaya, kamar na mutum biyu.

Washegari na ce ni zan yi mata wanka. Duk kwanakin nan ita take lallaɓawa ta yi da kanta, ta rufe ƙofa, saboda kunyar suruka, ni ma ban taɓa matsa mata ta cire hijabi a gabana ba. Ranar ba ta da ƙarfin hanawa. A wuyanta akwai tabo huɗu a jere a gefe ɗaya, guda ɗaya a ɗaya gefen, sun fara dusashewa. Na ɗora yatsuna a kai, sun fi nawa tazara. A bayan kunnenta na dama, cikin gashi, akwai wurin da ya kumbura ya sace.

Daga nan gidan Sule na wuce. Na same shi yana cin mangwaro a ƙofar gida.

"Wace takarda aka ba Saratu?"

Ya ajiye wuƙar. "Wa ya gaya miki?"

"Aljanin."

Sai ya faɗa. Ina Kwatano, Saratu ta je caji ofis ta kai ƙarar duka, ta ce ba yau aka fara ba. Kofur ɗin da ke kan kantar karɓar ƙara ya rubuta takardar gayyata, ya miƙa mata, ya ce ta kai wa mijinta su dawo tare da safe. Ta kai. Da safe suka dawo, da shi da ita da Sule. Ita ba ta ce uffan ba, tana lulluɓe. Kofur ya yi musu nasiha, Sule ya sa hannu cewa an sasanta, aka tashi.

"Yaya, maganar gida ce. Asirinku na rufa, ke da ɗanki. Kuma ai ba ta ce ya sake taɓa ta ba."

"Da wace murya za ta ce, Sule?"

Ban kai ta babban asibiti ranar ba, ban kai ta washegari ba. Kwana shida na yi ina zuwa Shango ina jin muryar nan tana maimaita zancenta da rana tsaka, ina ba ta ruwa. Ina gaya wa kaina ƙila ta warware da kanta, kowa ya huta. Na rubuta wannan ne don kada wata uwa ta yi kwana shidan nan.

Rana ta bakwai ta ƙi farkawa sosai. Ko an girgiza ta sai ta buɗe ido ta mayar. Yaron shi kansa ya tsorata, ya kawo mota. A babban asibitin mun sha layin kati, mun sha neman keken tura marasa lafiya, wani ma'aikaci ya ce mu dawo Litinin, sai da na ɗaga murya da Yarabanci ga wata nas da na ji tana yi, ta dube ni ta dubi Saratu, ta tura mu ciki da kanta. Allah ya saka mata.

Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta kai Saratu shekaru ba. Ta haska mata tocila a ido, ta ɗaga hannayenta biyu ta saki, na hagun ya faɗi kamar tsumma.

"Ta faɗi ne? Ko wani abu ya buge ta a kai?"

"Babu," in ji yaron.

Ta rubuta wata takarda ta ba shi ta ce ya je ya biya a can ƙarshen ginin. Da ya fita ta tura ƙofa da ƙafa.

"Mama, ni ban san abin da ya faru a gidanku ba. Amma idan ba a gaya mini ba, zan yi ta neman ciwon a inda ba ya nan, ita kuma ba ta da wannan lokacin."

Na janye hijabin na nuna mata wuyan da bayan kunnen. Na gaya mata abin da muryar ke faɗi.

Aka yi hoton kai. Ta ɗaga shi a taga ta nuna mini wani farin abu kamar jinjirin wata a gefen dama. Ta ce jini ne, tun ranar da kan ya bugu yake tsiyaya kaɗan-kaɗan tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, yana taruwa yana danne ta. Shi ya kashe hannun, shi ya buɗe idon, shi kuma ya birkita mata harshe har na yarinta ya taso. Maganarta da ta zauna mini ita ce, "Kwanaki ne suka rage mata, Mama, ba makonni ba." Ta ce sai an kai ta Abuja an yi aiki, kuma ta riga ta kira 'yan sanda.

Wadda ta zo mace ce, Insifekta Rifkatu, mai kula da ƙararrakin cikin gida, gajera, da jaka a kafaɗa da takalmin da ya sha hanya. Hausarta irin ta Minna ce, "Mama, ka zauna" ta ce mini. Ta jawo kujera gefen gadon ta buɗe littafi. Ba ta rubuta layi biyu ba sai bakin Saratu ya fara motsi, siririyar muryar ta fito. Na ga biron Insifekta ya tsaya. Ta sunkuya, ta amsa mata da yaren, a hankali, irin yadda ake lallashin yaro. Ashe ita ma 'yar wajen Kuta ce. Saratu ta yi ajiyar zuciya, ta yi shiru. Tun da aka fara, ranar ce kawai muryar ba ta koma farko ba.

"Tun yaushe take faɗin wannan?"

"Yau kwana takwas."

"Akwai mai ji a gidan?"

"Ni."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce ko da Saratu ta farka ba ni zan yi mata tafinta ba, tunda ni ce uwar wanda ake zargi, amma ni shaida ce, za ta ɗauki bayanina. Na ce mata ni na ɗauka tsakanin miji da mata hukuma sasantawa kawai take yi. Ta girgiza kai. A yadda ta bayyana mini, doka yanzu ba ta jira sai an ga gawa. Duka laifi ne ko a ɗakin aure. Kulle mutum a gida laifi ne. Ƙwace mata waya da katin albashi da raba ta da jama'a, duk suna ciki.

"Shi kuwa shaƙe wuya, Mama, ni idan na gan shi ba na kiransa faɗa. Wanda ya kai hannu wuya ya riga ya gwada hanyar."

Ta ce ranar da Saratu ta zo ofishinsu, abin da ya wajaba shi ne a shigar da ita ciki a saurare ta ita kaɗai, a rubuta, a kai ta asibiti, a tambaye ta ko tana da inda za ta kwana lafiya, a raka ta ta kwashi kayanta idan tana so, a gaya mata tana iya roƙon kotu ta hana shi kusantarta. Takardar gayyata kuwa ɗan sanda ke kaiwa. Yanzu da Saratu ba ta cikin hayyacinta, wani na iya neman umarnin kotun a madadinta, kuma ita za ta nema.

Sai ta gyara biro. "Wa take nufi da mai hannun?"

"Babban yaron."

"Suna, Mama."

"Ai yana jikin katin asibiti."

"Na gani. Daga bakinka zan rubuta."

Ɗan fari ne. Shekara arba'in da uku ban taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da ya faɗa kwata yana rarrafe "kai" na ce. Na kira sunayen garuruwa da kuɗaɗe da mutane a harsuna biyar, wannan ɗaya bai taɓa bi ta harshena ba. Na dubi hannun Saratu na hagu a kan zanin gado. Na faɗa. Ya fito kamar sunan wani baƙo da aka aiko ni nema a tasha. A nan ba zan rubuta shi ba.

A harabar asibitin aka kama shi, da rasit a hannunsa.

Kafin motar asibiti ta samu, Insifekta ta ce in bi ta caji ofis in sa hannu. A nan na ga kofur ɗin. Ba mugu ba ne a fuska, mutum ne mai furfura a gemu, har ya ba ni kujerarsa. Ta ajiye masa littafin shigar da ƙara a buɗe a shafin ranar.

"Madam, ai haka muka saba. Miji da mata ne, gobe za su shirya, mu mu ji kunya."

"Da ɗan fashi ta kawo ƙara, za ka ba ta takarda ta kai masa gida?"

"Wannan daban."

"Ɗan fashi ba ya kwana ɗaki ɗaya da ita. Ka zo ka ga hoton kanta."

Ya cire hularsa ya riƙe.

Hanyar Suleja da muka bi zuwa Abuja ba sai na ba kowa labarinta ba. Na zauna a ƙasan motar na riƙe kan Saratu da tafin hannuna biyu, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni na ƙara mata ɗigo. Kayan da na sayo a Kwatano gaba ɗaya na bar wa wata abokiyar kasuwa a yadda ta taya don kuɗin aikin, ban tsaya ciniki ba. A Abuja aka ce mu kawo masu ba da jini, dangin da suka cika gida da hayaƙi ba wanda ya biyo mu. Direban motar asibitin ne ya nannaɗe hannun riga, da wani ɗan ƙabilar Tibi mai jinyar matarsa. Ban san sunan ko ɗaya ba, ina sa su a addu'a.

Aka huda ƙashin kan wuri biyu aka zuƙe jinin, aka bar roba tana tsiyaya cikin leda. Mako uku na yi a kan tabarma a barandar ɗakin mata. Ruwan famfo sai ya ga dama, magani kuma rabinsa sai an fita waje an sayo, akwai nas ɗin da idan kika kira ta sau biyu kin zama abokiyar gaba. Akwai kuma wadda take zuwa kafin lokacin aikinta don ta motsa wa Saratu yatsu ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku bayan aikin, da safe, Saratu ta buɗe ido biyu daidai wa daida ta ce, "Mama, ina kwana." Na gwada ta da Gbagyi, ta dube ni ba ta gane ba. Yaren ya koma inda ya fito.

Sule ya kira sau ɗaya. "Uwa ta ba da ɗanta ga hukuma. Ba a taɓa jin wannan a zuriyarmu ba, Yaya."

Na ce, "Da ka fi son ka zo zaman makoki?" Ya kashe wayar.

Insifekta ta zo har Abuja a motar haya. Ta fitar da ni waje, ta yi awa biyu da Saratu. Ta fito ta ce kotu ta ba da umarnin, kada ya kusance ta, kada ya aika mata kowa, shari'ar duka kuma tana gaba.

Ga masu jinya, abin da zan ce kaɗan ne. Ciwon kai da amai da yawan barci bayan an bugu, ko da an yi makonni, a tafi babban asibiti, a kuma faɗi gaskiya. A yi karatu, a yi addu'a, amma a ɗaga hijabi a duba. Ga 'yan sanda kuwa, matar da ta tako har gaban kantarku ta riga ta ƙona hanyar komawa a ɓoye, kada a mayar da ita da takarda a hannu.

Ranar sallama na riga na aika an gyara ɗakin da ke kusa da nawa a Minna, sabuwar katifa, sabon labule. Insifekta ta zo da wata mata daga wata ƙungiya da ke ba irin su Saratu masauki. Insifekta ta durƙusa gaban kujerar Saratu ta ce, "Saratu, ina kake so ka je? Kai za ka zaɓa."

Na ce, "Ai gidana za ta."

Saratu ta kamo hannuna da hannunta mai lafiya. Gashin da aka aske ya fara tsirowa, muryar ta kusa dawowa.

"Mama, kin yi mini abin da uwa ba ta yi ba. Amma ba gidanki ba."

"Don me, 'yar nan?"

"Idan ya zo ya durƙusa, za ki buɗe."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne. Ban ce ba. Suka sa ta a mota. Na tambayi Insifekta ina za a kai ta, ta ce, "Mama, ka yi haƙuri." Ita ke kawo mini labari yanzu. Ta ce hannun ya fara riƙe cokali, ta ce Saratu tana gaishe ni.

Bayan an ba da belinsa da kwana tara, da hantsi, na ji sallama a ƙofa. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Yana durƙushe a kan siminti, ya rame, yana cewa, "Mama, ni ne." Na tsaya ina tuna umarnin kotu da hoton kai da tabo biyar. Sannan na buɗe.

Ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya yi kuka, ya ce shaiɗan ne. Na kawo masa ruwa. Ina juyawa in ajiye kofin, ya miƙe ya wuce ni ba sauri, ya tafi kai tsaye ɗakin da ke kusa da nawa, ya ɗaga sabon labulen. Katifar tana nan da ledarta. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Da ya juyo babu hawaye a fuskarsa, ko alamar an yi.

"Tana ina?"

"Ban sani ba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, yana neman inda ƙaryar take. Babu ita.